Abin da Anjelo Ya Ce In Faɗa Maka

Mandawari, cikin birnin Kano.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga yayan Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Allah da ya ɗaga jirginku lafiya ya sauke shi lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka da kowa sai shi.

Za ka yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma sai ga takarda. Ni na sa ƙanwarka Hadiza ta cusa ta cikin dardumar sallarka a ƙasan jaka, don kada ka gan ta sai ka yi nisa. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya sha rula a makarantar Midil har ya iya tsayar da baƙi, yau tsufa ya ci ƙarfinsa.

Dalilin takardar shi ne wata magana da na ji ranar Juma'a. Hadiza tana taya ka shirya kaya, ta ce, "Yaya, Baba zai yi kewarka fa." Ka ce, "Baba? Ai ba zai ma san na tafi ba. Ke kin taɓa jin ya kira sunana?" Kuka yi dariya ku biyu. Kun ɗauka barci nake yi. Likita ya faɗi nasa, jikina ma ya faɗi nasa, kuma shekara biyun da kamfaninku ya ce za ka yi kana koyon injinan jima a Italiya, ga mai shekaruna ba alkawari ba ce. Ba na so ka tafi da wannan magana a cikinka, ka dawo ka tarar babu mai warware maka ita. Zan zo kanta. Amma tsoho ba ya shiga gida sai ta zaure, don haka bari in fara da mutanen da za ka je ka tarar.

Tun da labarin tafiyarka ya fita, majalisar ƙofar gida ta bar zancen soja sun miƙa mulki ga farar hula, ta koma zancen Italiya. Alhaji Ɗanladi mai goro, wanda bai taɓa wuce Zariya ba, shi ne malamin. Jiya ma ya ce mini, "Malam Inuwa, ka ja wa yaron nan kunne. Mutanen nan duk 'yan mafiya ne, masu baƙin tabarau. Safe taliya, rana taliya. Kuma wallahi sai sun liƙa masa Baturiya."

Na ce, "Alhaji, a ina ka san su?"

Ya ce, "Kai ba ka shiga sinima ba ne da ƙuruciya?"

A duk majalisar nan ni kaɗai na taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan Italiya. Ɗaya tak na sani, kuma a kan ɗayan nan na tafka kurakuran da za su ishe ka guzuri.

Ka tuna Anjelo, Baturen da ke zuwa zaurenmu kana firamare? Ya zo Kano ne wajen lokacin da soja suka miƙa mulki wancan karon, kasuwar fata tana ci. Aikinsa zaɓen fata. Ni ne akawun sito, ni ne kuma tafinta tsakaninsa da masu kawo fatu daga ƙauye. Ba ya duba fata da ido kawai. Sai ya shinshina ta, ya murza ta kusa da kunnensa, har leburori suka sa masa suna Mai Hanci.

Makonsa na farko wani ɗan ƙasarsu mai aikin hanya ya zo wurinsa. Ina cikin ofis na ji ihu. Na leƙo na ga jijiyar wuya ta tashi, fuska ta yi ja, hannuwa suna tashi sama suna sauka, wannan ya haɗe yatsu yana kaɗa su a hancin wancan. Na ce yau za a yi kisa a sito. Na fita da gudu, babbar riga tana harɗe ni, na shiga tsakani na riƙe Anjelo ta baya ina cewa, "A yi haƙuri! Don Allah a yi haƙuri!" Suka tsaya suna kallona kamar na zare. Da na tambayi abin da ya haɗa su, ashe gardama suke a kan garin wa ya fi iya ƙwallo. Suka yi ta dariya har da hawaye, suka tafi hannu a kafaɗar juna.

To, in ka ji ana ɗaga murya a can, kada ka ce faɗa ne sai ka ga jini. Kuma ka sani, yadda na karanta ihunsa a karkace, haka shi ma ya karanta shiruna. Ya daɗe yana zargin ina cutarsa a sito, don in yana magana ina sunkuyar da kai. Ni girmama shi nake yi, shi kuma a garinsu mai sunkuyar da kai yana da abin ɓoyewa. Kai ka fi ni sunkuyar da kai. In shugabanka yana maka magana, ka dube shi. In ba ka yarda da abu ba, ka ce ba ka yarda ba. "To" ɗinmu mai fuska goma ba za su gane ta ba.

Kuskure na biyu a gidan nan na yi shi. Na gayyace shi cin abinci, na ce wa mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, mutanen nan ba sa cin komai sai taliya. Baiwar Allah ta wuni tana murza 'yar murji, ta dafa ta har ta yi laushi lis, ta zuba manja da yaji. Anjelo ya iso da damin furanni a hannu, ya wuce ni a zaure ya miƙe zai shiga cikin gida wai zai gaida matar gida. Da ƙyar na kamo rigarsa. A raina na ce, ashe gaskiya ne, ba su da kunya a kan matan mutane. Shi kuma, daga baya ya gaya mini, a ransa ya ce wannan mutum ya kulle matarsa kamar fursuna. Na kai furannin ciki. Mahaifiyarka ta juya su, ta shinshina, ta ce, "Malam, wannan na miya ne ko na turare?" Na ce na kallo ne. Ta ce, "To, akuya ta kalla." Kafin la'asar akuya ta gama kallo.

Anjelo ya zauna yana tura taliyar nan kamar mai shan maɗaci, yana cewa da daɗi. Ni kuma ina gefe da tuwon dawa da miyar kuka. Hancin nan nasa bai bar shi ba. Ya ce, "Malam Inuwa, wannan mene ne?" Na ce ba zai iya ba. Ya wanke hannu. Ranar har malmalar da aka ajiye don ɗumame sai da ya tashi da ita. Yana suɗe yatsa ya ce mini uwarsa ta sa ya rantse ba zai fita shi kaɗai ba a Afirka saboda zaki, kuma zakin da ya fara gani a gidan zu ya gan shi, yana barci.

Ka ga, kowa da Alhaji Ɗanladinsa. Kai ma za su tare ka da abin da suka ji. Wani zai tambaye ka ko kuna da mota a garinku. Wani zai riƙe jakarsa da kyau da ya ji ka ce Nijeriya, saboda abin da wasu namu suka je suka shuka. Zai yi maka ciwo. Kada ka yi zuciya, kada kuma ka tsaya rantse-rantse. Ka zo aiki a kan lokaci, ka mayar da abin da ka ara, ka bar gani ya kori ji. Abinci kuwa, ka tambayi abin da ke cikin tukunya ba tare da yamutsa fuska ba. Ka ce addinina ya hana ni naman alade da giya, sau ɗaya, a fili, da fara'a. Abin da ya halatta ka ci ka yaba. Uwar wani ce ta wuni a kansa.

Na uku ya fi nauyi. Ka san Baba Sidi, maƙwabcinmu na da, wanda kakanninsa fatake ne daga Turabulus suka zauna a birni. Tun ina saurayi nake jin yadda yake ambaton mutanen Italiya, saboda abin da sojansu suka yi wa danginsa lokacin da suka mallaki ƙasarsu. Akwai 'yan'uwan mahaifinsa da ba a san kabarinsu ba. Wata rana ya shigo zaure ya tarar da Anjelo a kan tabarma. Tsoro ya kama ni, bakina ya riga hankalina, na ce, "Baba, baƙona ne, Kwara ne, Balarabe." Baba Sidi ya washe baki, ya zauna, ya sa hannu a kwanon abincinmu, ya kwarara masa Larabci. Anjelo ya juyo wurina, bai gane ko kalma ba. Baba Sidi ya dube ni ya ce, "Inuwa, yaushe aka fara Kwaran da ba ya jin Larabci?" Anjelo ya gane ana tambayar asalinsa, ya dafa ƙirji ya ce, "Italiya."

Baba Sidi ya janye hannunsa daga kwanon. Ya ce in fassara, kada in rage ko kalma. Ya faɗi abin da ke cikinsa, ni ina juyawa cikin Turanci. Ina jira Anjelo ya tashi da ihun nan nasa. Sai ya cire hularsa, ya ajiye ta a kan tabarma. Can ya ce, "Ka gaya masa ƙanin kakana soja ne a can. Ban san abin da ya yi ba. Ba zan ce ƙarya yake yi ba."

Baba Sidi ya tashi ya fita. A bakin ƙofa ya ce mini, "Shi ya faɗi gaskiya. Kai ne ka yi mini ƙarya a zauren ubanka." Bai sake zama da Anjelo ba har ya bar duniya, ban kuma ga laifinsa ba. Amma da Sallah ta zo, alkakin da gidansa ke aiko mana ya zo kwano biyu, aka ce ɗaya na baƙon Inuwa ne.

Kada ka taɓa sauya wa kanka ko abokinka asali don a zauna lafiya. In an tambaye ka, ka ce kai Bakano ne, Musulmi, ɗan Nijeriya. In an faɗi laifin mutanenka kuma gaskiya ne, kada ka ce ƙarya ne. Kuma kada ka ɗora wa mutum ɗaya kayan ƙasarsa gaba ɗaya. Wuyansa ba zai ɗauka ba, kamar yadda naka ba zai ɗauka ba.

Yanzu na iso cikin gida.

Anjelo yana da ɗa guda, sa'anka, ɗan farinsa, wai shi Luka. Hotonsa na cikin aljihun gaban rigarsa. Ba a yini bai fito da shi ba. Luka ya yi kaza, Luka ya ce kaza, Luka ya fi kowa gudu. A gaban leburori zai sumbaci hoton nan. Mu kuwa sai mu kau da kai don kunya. Na riƙa cewa a raina, wane irin namiji ne wannan, ɗan fari guda yana kiran sunansa gatsal kamar na ɗan maƙwabci? Mu da muka tashi, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a yabonsa. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har suka rabu. Kai kuma mun daɗe muna jira kafin Allah ya kawo ka, idon dangi duk yana kaina a ga ko zan zubar da kara. Sai na ninka.

Ranar da aka ba ku sakamakon jarrabawa ka zo na ɗaya, ka shigo zaure da gudu, ƙafa duk ƙura, kana ɗaga takarda. Ina zaune da Anjelo. Na ce, "To. Shiga ciki." Na ga yadda hannunka ya sauka. Anjelo ya fizgi takardar, ya duba, ya yi ihu, ya ɗaga ka sama ya sumbace ka a kumatu biyu. Ya tambaye ka sunanka, ka faɗa, ya riƙa maimaita shi yana lanƙwasa shi irin na bakinsu. Da ka shige, ya ce, "Yaron wa ne?"

Na ce, "Na gidan nan ne."

Ya ce, "Maraya ne kuke riƙo?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To ɗan wa ne?"

Na sunkuyar da kai. Ya zaro ido ya ce, "Naka ne? Tun zuwana nake ganinsa, ban taɓa jin ka kira shi ba. Me ya yi maka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mu ba kyanwa ba ne da za mu riƙa lasar 'ya'yanmu a gaban jama'a. Mu muna da kunya."

Ya ce, "To ta yaya zai sani?"

Na ce, "Ya sani."

Ya ce, "Ka tambaye shi?"

Mun daɗe ba ma magana sai ta aiki. Ni na yanke cewa mutanen Italiya ba su da kunya. Shi ya yanke cewa Hausawa ba sa son 'ya'yansu. Dukanmu mun ɓata. Daga baya na lura mutumin nan yana da tasa kunyar: bai taɓa bari wani ya ga hawayensa ba in wasiƙar gida ta zo, sai ya shige bayan tarin ƙiragan shanu ya ce ƙura ce. Shi kuma akwai abin da bai gani ba, kai ma ba ka gani ba, don na ɓoye shi da kyau fiye da kima.

Ranar da aka fara kai ka makaranta, kawunka ne ya riƙe hannunka. Ni ina bayanku daga nesa, ina laɓewa a lunguna kamar ɓarawo, har na ga ka shige aji. Takalman fatar nan da ake kawo maka duk Sallah a ce daga kawu, ba ka taɓa mamakin yadda suke zama daidai ƙafarka ba, alhali kawu yana Gusau? In ka taka jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin rijiya ka wuce, sai in karyo tsinke in auna sawun, in sa a aljihu in kai wa dukawa masu ɗinkin fata a kasuwar Kurmi. Fatar kuwa ni nake zaɓenta, Mai Hanci ma ya taɓa shinshina mini wata bai san ta wa ce ba. Takardar sakamakon nan da ka nema ka rasa har ka yi kuka, tana cikin gafakar Alƙur'anina. Da mahaifiyarka tana raye ita ke yi mini tafinta wurinka, kamar yadda nake yi wa Anjelo. Tun da ta rasu muka zauna ni da kai a gida ɗaya babu tafinta. Kai kana kawo mini ruwan alwala, kana gyara mini matashi, ni ina cewa "Kai" da "To". Ina ɗauka kana ji. Ranar Juma'a na gane Anjelo ya fi ni gaskiya a tambaya ɗaya: ban tambaye ka ba.

Ba ina ce maka al'adarmu banza ba ce. Kunya ado ce, kuma ni a cikinta aka rene ni, ban iya wata ba. Abin da nake tsoro shi ne ka sauka can ka ga uba ya rungume ɗansa a tasha yana kiran sunansa da ƙarfi, ka auna ni da mudunsu, ka ce ashe ni ban sami uba ba. Kada ka yi wa mahaifinka abin da Alhaji Ɗanladi yake yi wa mutanen Italiya. Kada kuma ka yi musu abin da na yi, ka ce mai bayyana so ba shi da kunya. In Allah ya ba ka naka ɗan farin, ka yi masa kara a gaban manya in ka ga dama, amma ka samu wuri, ko sau ɗaya, inda zai ji daga bakinka.

Da soja suka dawo kasuwa ta karye, Anjelo ya haɗa kayansa. Na raka shi filin jirgi. A gaban jama'a ya rungume ni ya sumbace ni dama da hagu, ni kuwa na sandare kamar taɓarya. In an yi maka haka a can, kada ka sandare, ka dafa bayan mutum, ba ya karya alwalar zumunci. Ya riƙe kafaɗata ya ce da gurguwar Hausarsa, "Malam Inuwa, ki gaya masa." Na ce to. Irin "to" ɗin nan tamu. Ban sake jin labarinsa ba, ban san ko yana raye ba. Ba na ce ka neme shi ba, ƙasa ce mai faɗi. Amma in ka ga wani tsoho yana shinshina fata, ka gaishe shi da kyau.

Kada ka damu da ni. Hadiza za ta riƙa aiko da abinci daga Jakara, Alhaji Ɗanladi kuma ba zai bar ni in yi kewa ba, ko don ya ji an liƙa maka Baturiyar. Ka riƙe salla ko da babu mai kiranta. Ka sa rigar sanyi, ƙirjinka irin na mahaifiyarka ne. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ban san abin da zan yafe ba. Kai ne za ka yafe mini.

Tun ranar Juma'a, in ka fita, nakan rufe ƙofa in gwada faɗin sunanka a ɗaki ni kaɗai. Da farko ya maƙale. Jiya ya fita. In ka samu dama ka buga wayar gidan Alhaji Ɗanladi ranar wata Juma'a bayan an sauko, ka ce a kira ni. Tafiyar za ta ɗauke ni lokaci, ka yi haƙuri ka riƙe. In Allah ya sa ina nan, za ka ji da kunnenka, ko majalisa duka tana saurare. In kuma ba na nan, ga shi da hannuna, ka ajiye.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa ka fi ni. Allah ya tsare mini kai, Auwalu.

Auwalu, ɗana.

Ni ne mahaifinka,
Inuwa.